Ni Na Koya Mishi Hanyar Tur'a

Na kaɗa gwangwanin, bai yi ƙara ba. Na sake kaɗawa ina gudu, shiru. Sai lokacin na lura babu nauyi a hannuna, babu dabino ko ƙwara ɗaya a ciki. Ɗan yayata kuwa, yaro ɗan shekara shida, shina tsaye kan simintin bakin tur'a, babban magudanar da ke kai ruwa gonakin garinmu. Ran nan da safe anka sako ruwa. Tur'a ta cika hal baki, ruwan ja wur, shina juyawa daidai inda yake shiga bututu. Babba ma in ya faɗa wurin nan, can ƙasa ake zuwa nemanshi.

Ban kira shi ba, don bai amsa kira. Tsakanina da shi bai wuce taku talatin ba. Na san in na matsa da gudu zai ɗauka wasa ne ya ƙara gaba, gaban kuma babu ƙasa. Na tsaya cak.

Ya waiwayo. Ba fuskata ya duba ba, shi bai duban fuskar kowa. Hannuna ya duba. Sannan ya yi da bakinshi: "Kacau. Kacau." Ƙarar gwangwani ke nan, daidai yadda take. Ya jira. Da bai ji komai ba, sai ya ɗaga ƙafa ya ƙara taku ɗaya wajen ruwa, ya sake waiwayowa.

Yaron nan ba ɓacewa ya yi ba, ba kuma ruwa ya ja hankalinshi ba. Ni yake jira. Kuma shina ganin abin da ya hana in kaɗa mishi shi ne bai yi nisa yadda ya kamata ba.

Sai na koma baya kaɗan a gane yadda munka kai nan.

Yaya ta dawo gidanmu da shi tun da mijinta ya tahi haƙar zinari. Yaron bai magana, sai dai ya kwaikwayi ƙara: kukan jaki, ƙofar gida, injin ban ruwa. Daga ya buɗe ido hal ya faɗi barci, gudu ne. Ya hau katanga, ya hau angarib ya yi ta tsalle hal igiyoyin gadon su saki, ya kifar da randa sau biyu. Marfin tukunya kaɗai ke tsayar da shi, ya yi ta juya shi a ƙasa, shi ma na ɗan lokaci. An ce iska ne. An yi rubutu, an yi hayaƙi, Yaya ta kai shi hal garin Mai Wurno wurin malamai, ta dawo da shi yadda ta tahi da shi.

In lokacin noma ya zo, Baba da Yaya hawasha suke wuni, gonar da Baba ke riƙe da ita cikin mashru'in ban ruwa. Inna kaɗai ke gida, ga gwiwa ta hana ta sakat. To sai igiya. Ana naɗa tsumma a ƙafarshi ta hagu don kada ta ci nama, a ɗaure, ɗaya bakin a ginshiƙin rakuba, rumfar da muke shan inuwa tsakar gida. Tsawonta ya kai shi randa, bai kai shi murhu ba. Ba wanda ya yi haka don mugunta. Tur'a ta ci yara a garinmu, kowa ya san gidajen. Amma tun daga bakin titi kana jin ihunshi, shina zagaya ginshiƙi hal igiya ta nannaɗe ta ƙare, sannan ya zagayo baya.

Ni kuwa a aji shida na bar makaranta. Ban iya zama. Malami na magana, ƙafata na rawa ƙarƙashin benci, kunnena na wurin karo, keken jaki, mai wucewa a waje. Na yi wankin raksha, babur mai ƙafa uku, a garin Suki, na yi yaron mai shayi, ba wanda na kai wata biyu. Abin da na daɗe a kai ɗaya ne, kiwon awakin gidanmu, don su ma ba su zama.

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum sunka cika gari, wata mata ta sauka gidan kawunta, katanga ɗaya da mu. Bahausa ce, amma Hausarta ta karye, rabi Larabci. Ustaza muke ce mata, don can ta yi aiki a wata cibiya ta irin waɗannan yara. Ta hangi igiyar tun ranar farko. Kwana uku tana shigowa shan jabana, wato gahawa, wurin Inna, tana zaune tana kallon yaron, kahin ta nemi ganin Baba.

Ta ce abin da ke gare shi sunanshi da Larabci tawahhud, haɗe da yawan motsi da rashin tsayar da hankali wuri ɗaya. Ta ce ba iska ba ne, kuma ita ba ta da maganin da za ya raba shi da shi. Amma zama abu ne da ake koyarwa, kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake koya wa yaro tafiya. Ta ce igiya tana tsare shi, amma ba ta koya mishi komai ba, sai ma tara mishi gudun da take yi.

Baba ya saurara hal ta gama. Ya ce, "Ɗiyata, Hartum akwai tur'a?"

Ta ce, "Akwai Nilu biyu, Baba."

Inna ta yi dariya cikin mayafi. Baba ya ce, "To. In an kwance shi, wa za ya tsare shi? Uwarshi na hawasha, kakarshi ba ƙafa."

Duk sunka juyo gare ni. Ina bakin ƙofa ina ɓare rake.

"Wanga?" in ji Baba. "Shi kanshi a samo mai tsare shi."

Ustaza ta ce, "Shi nike so. Shi ne za ya iya gudu da shi."

Baba ya dube ni, ya dubi igiyar. Sannan ya ce, "A kwance. Amma ranar da ƙafarshi ta taɓa bakin tur'a, igiya ta koma, kuma ba ni son magana." Ni na kwance ta da hannuna. Baba ya naɗe ta ya rataye a ƙusa cikin rakuba, inda kowa ke gani.

Ustaza Kawu take ce mini, tun da ni ƙanen uwar yaron ne, alhali shekarata goma sha tara. Ta ce, "Ya Kawu, gudu farko, zama daga baya." Kullum da safe sai mu zagaya tsakar gida ni da shi hal mu jiƙe, sannan in ba shi ƙaramar jarka ya yi ta kai ruwa randa, don ta ce ɗaukar abu mai nauyi na kwantar mishi da jiki. Ta zana hotuna a kwalin sabulu ta jera a bango: gudu, jarka, tabarma, dabino. In mun gama ɗaya, shi za ya kife hoton. Sai zama. Ya zauna kan tabarma in ƙirga goma. In ya kai goma bai tashi ba, nan take, ba bayan na juya ba, nan take in sa mishi dabino a hannu in ce tamam, wato madalla. Ba ƙwara guda ba, kwata. Ana raba dabino ɗaya huɗu. In ya tashi kahin goma, ba tsawa, ba bin shi, ba dabino. In bari ya zagayo, mu sake.

Makon farko bai kai huɗu ba. Na ce mata wannan wasan yara ne. Ta ce, "Na'am, wasan yara ne. Ci gaba." Ranar da ya kai goma ni na tashi na yi tsalle, ba shi ba. Daga goma munka koma ashirin. Cikin wata guda shina zama hal Inna ta shanye finjalin jabana, shina juya marfin tukunyarshi, ƙafarshi na rawa amma duwawunshi na ƙasa. Yaya ta dawo daga hawasha wata rana ta tarar da shi zaune, ta tsaya bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa, ta kasa shigowa.

Dabinon a gwangwanin madara nike ajiyewa, mai marfi.

Sannan Ustaza ta tashi. 'Yan'uwan mijinta sunka samar musu ɗaki a Rusairis. Ranar da za ta hau hafla, motar haya, ta ce in riƙa tura mata saƙo kowace Juma'a, in faɗa mata komai. Ta ƙara da cewa, "Dabino na zama ne, ya Kawu. Na zama kaɗai." Na ce tamam. Ni na ɗauka tsimi take koya mini, don dabino ya yi tsada.

Kwana biyar da tahiyarta, wani ya shigo bai saka sakata ba. Yaron ya fice. Na hango shi hal ya kai bakin katangar maƙwabta. Gwangwani na hannuna, ban ma yi tunani ba, hannuna ya kaɗa shi. Haka muke yi da awaki tun ina ƙarami: in sun watse ba ka bin su, ka zuba dawa a gwangwani ka kaɗa, su za su taho da kansu. Yaron ya tsaya. Ya juyo. Ya taho da gudu hal gabana. Don murna na ba shi dabino guda, cikakke.

Na ce a raina, ashe akwai abin da mutanen Hartum ba su sani ba.

Washegari ya sake ficewa, shi da kanshi ya zare sakata. Na kaɗa, ya dawo, na ba shi guda. Bayan kwana biyu sai da ya kai gindin dalbejiyar bakin layi. Mako na biyu, masallaci. Sannan inda karo ke tsayawa. Wani lokaci sau uku a wuni. Kowane karo in kaɗa, ya dawo, in ba shi. Hal alfahari nike yi, ina nuna wa samarin layi. "Ku duba," in ce, in bari ya ƙara nisa da gangan, sannan in kaɗa. Su yi ta dariya, suna cewa wallahi ka fi dakta.

Zaman tabarma kuwa ya fara lalacewa. Daga finjali guda ya koma ashirin, ya koma goma. Ban haɗa biyun ba. Na ce zafi ne. Inna ta ce, "Kai, yaron nan fitarshi ta yi yawa." Na ce, "Inna, ina da maganinshi, kada ki faɗa wa Baba ki tayar mishi da hankali." Ba ta faɗa ba. Juma'a uku ina tura wa Ustaza saƙo: lafiya lau, shina zama, alhamdu lillahi. Ban taɓa ambaton gwangwani ba. Ina jin wani wuri a cikina ya san ba za ta so ba.

Ranar da anka sako ruwa, da hantsi, baƙi sunka zo gaida Inna. Ba ta da abin sa wa jabana, ta juye dabinon yaron a faranti, ta mayar da marfi ta ajiye gwangwani inda yake. Ni ina bayan gida ina gyaran garken awaki. Da na fito, ƙofa a buɗe. Na sure gwangwani na fita ba ko sauri. Bai dalbejiya. Bai masallaci. Wata mai tallan kisra ta nuna mini da baki wajen gonaki.

Shi ne na tarar da shi kan simintin, shina yi mini kacau da baki, shina ƙara taku.

Yatsun ƙafarshi sun leƙa ruwa. Na durƙusa a hankali, na buɗe marfi, na damƙi tsakuwa na zuba. Na rufe. Na kaɗa.

Ya juyo kamar an jawo shi. Ya sauko daga simintin ya taho da gudu shina kaɗa hannuwa don daɗi. Na cafke shi, na rungume, shi kuma bai son a rungume shi. Ya fizge gwangwanin ya buɗe. Ya ga tsakuwa. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinshi ba. Ya buga kanshi a ƙirjina, ya cije ni a dantse, tabon na nan hal yau. Ban sake shi ba.

Da na ɗaga kai, Baba na tsaye a wancan gefen tur'a da fartanya. Ya zo buɗe wa hawasharmu ruwa. Ya ga komai, tun daga kacau ɗin farko.

Bai yi tsawa ba. Ya zagayo ta kan gada ya iso inda muke, ya ɗauki gwangwanin daga ƙasa, ya juya shi a hannu, ya kaɗa sau ɗaya.

"Sau nawa?"

Na ce, "Baba, yau ne kaɗai ya kai..."

"Sau nawa ka kaɗa mishi?"

Na ce ban ƙirga ba. Mako uku.

"In ya zauna mi kake ba shi?"

"Kwata."

"In ya gudu fa?"

Na kau da kai. Ya ce, "Ina tambayarka."

"Guda."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Jar akuyar nan da kake kiwo kana yaro, don mi na sayar da ita?"

Na tuna ta. Ita ce ke fara tahowa in na kaɗa. Daga baya sai ta koma shiga dawar mutane da gangan, ta tsaya tsakiyar gona ta ɗaga kai tana kallona, ba ta ma ci. Sai na kaɗa ta fito. Kullum gonar da ta fi ta jiya nisa. Ni nike tare da ita kullum, ni na fi kowa sanin halinta. Kuma ban tuna ta ba ko sau ɗaya cikin mako ukun nan.

Baba ya ce, "Ɗauko shi."

Na saɓo shi a kafaɗa hal gida, shina shure-shure, mutane na fitowa ƙofofi. Yaya ta biyo mu daga hawasha, ƙafarta duk taɓo, wani ya riga ya gaya mata. Ba ta dube ni ba. Ta duba yaron daga kai hal ƙafa, ta shafa rigarshi ta ji a bushe, sannan ta zauna a ƙasa inda take.

Baba ya sauko da igiya daga ƙusa ya miƙa mata.

Na ce, "Baba, laifina ne, ba nashi ba. Ni za a hukunta."

"Ba hukunci ba ne. Na faɗa tun farko."

"Wata guda shina zama. Inna, ki faɗa mishi. Finjali guda shina zama."

Inna ta ce, "Ya yi. Na gani." Ta sunkuyar da kai. "Ni na juye dabinon."

"Da ba ki juye ba, da gobe ne ko jibi," in ji Baba. "Yanzu yaron ya san hanya, kuma ya san ana biya. Ruwa na nan kwana bakwai. Kai za ka yi kwana bakwai ba ka ƙyafta ido ba? Kai?"

Na ce, "Yaya, ke ce uwarshi. Ki yi magana."

Sai lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ɗaya gare ni, ƙanena."

Ta yago tsumma daga tsohon zanenta. Yaron ya gaji da ihu, shina kwance gindin ginshiƙi shina shessheƙa. Na ɗauka sai mun danne shi mu uku kamar da. Da ya ga tsumma a hannun uwarshi, sai ya tashi zaune, ya miƙo ƙafar hagu. Da kanshi. Ya riƙe ta a sama hal ta gama naɗawa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Ku duba mi kunka mayar da shi."

Inna ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai faɗin farashin albasa, "Kai ma haka kake miƙowa. Ginshiƙin nan ne. Hal ka shekara biyar."

Na duba ƙafata. Akwai wani baƙin zobe a idon sawuna na hagu, tun ina yaro nike ganinshi. An ce mini ƙunar murhu ce. Ban taɓa tambayar yadda murhu za ya ƙona mutum a zagaye ba.

Baba ya koma hawasha don ruwa bai jira. Yaya ta shiga ɗaki. Na zauna kan tabarmar yaron. Hotunan Ustaza na nan a bango, gudu da jarka a kife, tun safe ba mu kai tabarma ba. Can bayan la'asar ya jawo igiyarshi ya zo ya zauna kusa da ni, ba wanda ya ce ya zo. Na ƙirga a zuci. Ya kai goma sha ɗaya. Ba ni da ko kwata da zan ba shi, sai na ce tamam.

Na je na sami Baba a hawasha na roƙe shi. Ya ce ba magana sai an rufe ruwa, kuma sai Ustaza ta ji gaskiya daga bakina, ba daga bakin wani ba. Daga can na hau tudun gada, inda waya ke kamawa, na rubuta mata:

"Salam Ustaza. Kawu ne. Igiya ta koma yau, ni na jawo. Juma'a ukun da na ce lafiya lau ƙarya nike. Tun bayan tahiyarki in ya fita gida ina kaɗa mishi gwangwani kamar na awaki, in ya dawo in ba shi dabino guda. Na zama kwata, na gudu guda. Yau ya kai bakin tur'a ya tsaya shina jirana in kaɗa. Bai faɗa ba alhamdu lillahi. Na yaudare shi da tsakuwa, ban san ko za ya sake yarda da ni ba. Baba ya ce sai an rufe ruwa bayan kwana bakwai za a yi magana. Zan sa wa ƙofa sakata ta sama inda hannunshi bai kai. Gwangwanin na nan ban jefar ba, ban san ko in jefar ba. Ɗazu ya zauna goma sha ɗaya da igiya a ƙafa. Wannan ana ƙirga shi? In ci gaba da tabarma shina ɗaure ko in jira? Abin da na koya mishi ana iya cire shi? Ki yi mini faɗa in kina so amma ki amsa. Ina kan gada hal magariba."